Yadda ake karanta fagen daga a Yukiren: taswira, bidiyo da kurman jirgi

Tun ranar 24 ga Fabrairun 2022 da dakarun Rasha suka kutsa Yukiren ta arewa da gabas da kudu, ba a taɓa yin yaƙin da kyamara ta ɗauka kamar wannan ba. Kullum gari ya waye akwai sabuwar taswira, akwai ɗaruruwan gajerun bidiyo a Telegram, ga kuma alƙaluman asara daga ma'aikatun tsaron ɓangarorin biyu. An ce gani ya kori ji, amma a nan ganin ne ma ke ɓatar da mutane. Sai mutum ya kwana yana kallon tankoki na cin wuta, ya tashi da yaƙinin cewa ɓangare kaza ya kusa durƙushewa, bayan wata shida ya duba ya tarar layin bai gusa da kilomita biyar ba. Abin da ke yanke hukunci a bakin daga bai cika fitowa a bidiyo ba. Hanyar da ake kai wa soja ruwa da abinci da harsashi ce, da kuma nisan da jirage marasa matuƙa ke iya bi su kai wa wannan hanya farmaki.

Taswirar nan mai ja da shuɗi ba daga teburin wani janar ta fito ba. Masu bincike ne ke zana ta daga abin da ya fito fili. Akwai DeepState ta 'yan Yukiren, wadda kan jinkirta nuna wasu sauye-sauye da gangan don kada ta tona asirin dakarunsu. Akwai cibiyar ISW ta Washington mai fitar da rahoto kullum, akwai Black Bird Group a Finland, sai Rybar, tashar Telegram mai goyon bayan Rasha. Hanyar aikinsu kusan ɗaya ce. Idan bidiyo ya fito yana nuna sojan Rasha a wani gida, ko yana nuna kurman jirgin Yukiren, wato jirgi maras matuƙi, na kai wa sojan Rasha hari a gidan, aka kuma tabbatar da wurin, sai a ja layi zuwa nan. Matsalar ita ce, ganin soja a wuri daban, riƙe wurin daban.

Fagen dagar ya haura kilomita 1,000, kuma babu wani dogon rami cike da sojoji kafaɗa da kafaɗa. Abin da ke akwai ƙananan maɓoya ne, mutum biyu ko uku ko huɗu a ƙarƙashin rusasshen gida ko a cikin jerin bishiyoyin da ke raba gonaki, tsakanin wannan maɓoya da na gaba kuma akwai ratar ɗaruruwan mitoci. Ta wannan rata ce Rasha ke tura sojojinta bibbiyu ko uku-uku, a ƙafa, cikin hazo ko ruwan sama lokacin da jiragen leƙen asiri ba sa gani da kyau, wasu lulluɓe da mayafin da ke ɓoye ɗumin jiki daga kyamarar dare. Da yawa ba sa kaiwa. Waɗanda suka kai sai su laɓe a wani gida, a riƙa jefo musu ruwa da batir ta sama, su jira wasu su taru. Wani lokaci aikin da aka ba su ma bai wuce su kafa tuta a ɗauka a bidiyo ba. Abin da ya faru kenan kusa da Dobropillia a Agustan 2025: taswira ta nuna wani dogon tsinke ya shige sama da kilomita 10, aka yi ta cewa an ɓalle layin Yukiren, amma babu tankoki ko motocin kaya da suka biyo baya, kuma a watannin da suka biyo aka datse mafi yawansa. A Kupiansk kuwa, babban hafsan Rasha Valery Gerasimov ya sanar a Nuwamban 2025 cewa an kama garin, sai ga Shugaba Zelensky na Yukiren a watan Disamba ya ɗauki bidiyo a mashigar garin. Ita ma rundunar Yukiren tana da nata halin: ta sha ci gaba da ambaton ƙauye a rahotonta kamar yana hannunta bayan dakarunta sun riga sun fice.

Don haka kada ka dogara da taswira ɗaya. Buɗe ta ɓangaren Yukiren da ta ɓangaren Rasha gefe da gefe. Inda suka yi daidai, ka ɗauka haka abin yake. Inda suka saɓa, wurin ba na kowa ba ne tukuna, ka ba shi kwana biyu ko uku. Sannan ka duba ma'aunin da ke ƙasan taswirar, domin idan an zuƙo ta sosai, gona ɗaya sai ta cika fuskar waya. Ka auna da kanka, ka kuma kwatanta wata da wata maimakon jiya da yau. Bakhmut ta faɗi a Mayun 2023, Chasiv Yar tana kimanin kilomita 10 daga yammacinta, amma sai ƙarshen Yulin 2025 Rasha ta yi iƙirarin kama ta. Avdiivka ta faɗi a Fabrairun 2024, kuma an shafe fiye da shekara ɗaya da rabi kafin sojojin Rasha su shiga cikin Pokrovsk, tazarar da ba ta kai tafiyar awa ɗaya a mota ba lokacin zaman lafiya. Wanda ke son ganin yadda ainihin rugujewar layi take, ya koma lardin Kharkiv a Satumban 2022: cikin kwanaki kaɗan Rasha ta bar Balakliia da Kupiansk da Izium, aka tarar da tankoki lafiya lau an gudu an bar su, da rumbunan harsasai a cike. Idan ba ka ga irin waɗannan alamu ba, kada ka yarda da mai cewa daga ta ɓare.

Inda gizo ke saƙa

Idan ka ga an yi wa gari zobe ta ɓangare biyu ko uku, ka bar kallon unguwannin ciki, ka nemi hanyoyin da suka rage. Guda nawa ne? Kwalta ce ko turɓaya? Akwai gada a kai? Tsakanin hanyar da maɓoyar abokan gaba mafi kusa kilomita nawa ne? Kusan duk garin da ya sauya hannu a wannan yaƙi, ta nan aka ci shi. Rasha ta bar birnin Kherson a Nuwamban 2022 ba don an fi ƙarfinta gida-gida ba, sai don rokokin HIMARS, makamin da Amurka ta ba Yukiren, sun yi wata da watanni suna huda gadar Antonivka da sauran mashigai a kan kogin Dnipro, har ciyar da dakarun da ke gaɓar yamma ya gagara. Vuhledar, ƙaramin garin masu haƙar kwal da ke kan tudu, ya ci motocin Rasha masu yawa a filayen nakiya a farkon 2023, amma ya faɗi a Oktoban 2024 da aka zagayo ta gefensa aka sa hanyar arewa a ƙarƙashin wuta. Haka Sudzha a lardin Kursk na Rasha, wanda Yukiren ta kutsa a ranar 6 ga Agustan 2024. Babbar hanya ɗaya ce ke zuwa daga Sumy ta Yunakivka. Da jiragen Rasha marasa matuƙa suka mamaye samanta, sai janyewa ta zama dole a Maris na 2025.

A 2022, kafin a ce an yanke hanya sai igwa ta iya kai mata. Yanzu ƙaramin jirgi mai farfela huɗu ke wannan aiki, wanda ake kira FPV. Ya kamata mai bibiyar yaƙin ya san yadda yake, domin da yawa daga bidiyon da zai gani daga idonsa aka ɗauka. Ƙashin jikinsa na kabon ne, da ƙananan injina huɗu, farfela mai inci 7 ko 10, batir, kyamara, allon sarrafa tashi, da na'urorin rediyo biyu. Ɗaya na karɓar umarni daga matuƙi, ɗayar na aika hoto zuwa tabarau ɗin da ya sa a fuska. A ƙarƙashinsa ake ɗaura kan roka irin na RPG-7 ko wani abin fashewa mai nauyin kilo ɗaya zuwa biyu. Kuɗinsa 'yan ɗaruruwan daloli ne, abin da yake farauta kuma na iya zama tankar miliyoyi. Ba mutum ɗaya ke aikin ba. Akwai matuƙi, akwai mai duba taswira yana yi masa jagora, akwai mai haɗa kaya, sannan can sama akwai wani jirgin leƙen asiri, galibi DJI Mavic ko mai fiffike irin Orlan-10 na Rasha, wanda shi ya fara hango abin da za a kai wa hari.

Abubuwan da ke lalata aikin suna da yawa, shi ya sa kaso mai tsoka na waɗannan jirage ba sa kaiwa inda aka aike su. Sanyi na shanye batir, iska da ruwa na kayar da su, kan rokar wani lokaci ba ya tashi, wani lokaci kuma na'urar toshe sigina ta 'yan'uwansu ce ma ke kayar da su domin ba a sanar da juna ba. Sannan idan jirgin ya sauko ƙasa-ƙasa daf da abin da zai buga, tudu da bishiyoyi na shiga tsakaninsa da eriyar matuƙi, hoto ya fara yayyafi ya ɗauke. Wannan muhimmi ne gare ka. Bidiyon da ya ƙare da dusu-dusu mita biyar kafin tanka bai nuna an lalata tankar ba. Ya nuna an kusance ta ne kawai. Hujja ita ce hoto na biyu daga jirgin da ke sama, wanda ya nuna wuta ta kama, ko harsasan ciki sun fashe, ko ma'aikatan sun fito sun gudu.

Da farko yawancin waɗannan jirage na karɓar umarni a zangon 868 zuwa 915 MHz, suna aika hoto a 5.8 GHz. Aka ƙera na'urorin da ke cika waɗannan zanguna da hayaniya, aka ɗora su a kan motoci. Masu jirage suka sauya zango, masu toshewa suka ƙara eriya, kowace eriya kuma na buƙatar ƙarin wuta, har rufin wasu motoci ya cika da eriyoyi masu kama da tulluwa. Ana cikin wannan tsere ne, a fadan Kursk na 2024, Rasha ta fara amfani da jirage masu zaren fiba da yawa. Jirgin na ɗauke da ƙunshin zaren gilashi siriri kamar gashi, kilomita 10 ko 20, wasu ma fiye, yana warware shi a baya yayin da yake tafiya. Umarni da hoto duk ta cikin zaren suke bi. Babu rediyo, saboda haka babu abin da za a toshe, kuma na'urar da sojoji ke ratayawa don ta yi musu ƙara idan jirgi ya kusanto ba ta jin komai. Yana iya bi ta cikin daji, ya shiga rumbu ta ƙofa, ko ya sauka a gefen hanya ya kashe injina ya yi kwanton ɓauna har mota ta zo. Yana da nasa naƙasu: ƙunshin zaren na da nauyi, don haka abin fashewar da zai ɗauka ya ragu, ba ya son juyi mai kaifi, zaren na maƙalewa a reshe ya tsinke, kuma da hantsi zaruruwan da suka taru na ƙyalli, mai ido na iya bin su har maɓoyar matuƙi. A bidiyo kana gane shi da cewa hoton garau yake har daƙiƙar ƙarshe.

Sakamakon duk wannan shi ne wani faffaɗan yanki, kilomita 10 zuwa 20 a kowane gefe, wanda mota ba ta shiga da rana sai da kasada. Daga nan ne abubuwan da ke ba mutane dariya a bidiyo suka samo asali, alhali kowanne na da dalili. Tankar da aka lulluɓe da kwanon rufi da ƙarafa har ta zama kamar rumfa mai tafiya, wadda aka fara gani a bazarar 2024, an yi ta ne don jirgi ya fashe nesa da sulke, ko da kuwa bindigarta ba za ta iya juyawa ba. Farmaki a kan babura an yi shi ne don babur na da sauri, kuma jirgi ɗaya mutum ɗaya ko biyu zai samu maimakon goma a cikin mota. Ragar da ake shimfiɗawa a kan sanduna tsawon kilomitoci a saman tituna, ita ce kusan kariya ɗaya da ke tare jirgi mai zare, ita da bindigar harbin tsuntsu. Soja kan yi makonni, wani ma watanni, a rami ɗaya ba a canje shi ba, domin tafiyar shiga da fita ta fi zaman haɗari. Wanda ya ji rauni kan jira dare ko hazo, ko a aika masa da ƙaramar mota maras matuƙi ta jawo shi. Idan ka karanta cewa wani gari ya shiga cikin wannan yanki, to ka fara ƙirga masa kwanaki tun kafin taswira ta sauya launi.

Yanayi ma na cikin lissafi. Daga Mayu zuwa Oktoba ganye na rufe masu tafiya a ƙafa. A ƙarshen kaka da kuma Maris zuwa Afrilu baƙar ƙasar Yukiren na zama taɓo, mota mai taya ba ta barin kwalta. Hazon Nuwamba na makantar da jirage, kuma a cikin irinsa aka ga ayarin sojojin Rasha na shiga Pokrovsk a kan babura da tsofaffin motoci a 2025.

Kowane makami da zamaninsa

Duk bayan 'yan watanni sai an fito da wani makami an ce shi ne zai kawo ƙarshen yaƙin. Kurman jirgin Bayraktar TB2 na Turkiyya ya yi suna a makonnin farko, lokacin da ayarin Rasha ke tafiya ba tare da kariyar sama mai tsari ba. Da aka kafa kariyar, sai ya koma aikin sintiri daga nesa. HIMARS ya iso a Yunin 2022 da rokoki masu cin kimanin kilomita 80, ya ƙone rumbunan harsasai da yawa, sai Rasha ta ja rumbunan baya, ta rarraba su ƙanana, ta kuma ƙarfafa toshe siginar GPS. Wannan toshewa ce ta rage wa harsashin igwa na Excalibur mai milimita 155, wanda ke bin GPS, daraja ƙwarai. Tankokin Leopard 2 da motocin Bradley sun shiga farmakin Yunin 2023 a lardin Zaporizhzhia, suka faɗa filayen nakiya masu zurfi kusa da Mala Tokmachka, jirage masu saukar ungulu na Ka-52 na harbinsu daga nesa. Sulken ya ceci rayukan ma'aikata da yawa, amma bai buɗe hanya ba.

Idan aka sanar da sabon makami, tambayar farko ita ce guda nawa. Amurka ta ba da tankokin Abrams 31, a fagen da ya haura kilomita 1,000. Sai ka tambayi harsashinsa, wa ke ƙera shi kuma nawa a wata, sai inda ake gyara shi idan ya lalace, sai sharaɗin da aka gindaya. An fara harba ATACMS, makami mai linzami na Amurka mai cin dogon zango, a Oktoban 2023, amma izinin harba shi cikin ƙasar Rasha bai zo ba sai Nuwamban 2024, lokacin da an riga an kwashe yawancin jiragen yaƙi zuwa filayen da ba ya kaiwa. A nawa ganin, makamin da ya fi sauya bakin daga bayan kurman jirgi ba shi da wani kwarjini ko kaɗan: tsohon bam ne na zamanin Tarayyar Sobiyet, mai kilo 250 ko 500 ko 1,500, har da mai 3,000, da aka ɗaura wa fiffike da na'urar bin tauraron ɗan'adam, wato UMPK. Jirgin Su-34 na sake shi daga nisan gomman kilomitoci a bayan layi, ya yi ta shawagi har ya sauka a kan gini. Ba ya buƙatar ya dace daidai, nauyinsa ya isa. Shi ya ragargaza Avdiivka, a daidai lokacin da harsasan igwar Yukiren suka yi ƙaranci saboda tallafin Amurka ya maƙale a majalisa har Afrilun 2024.

Hare-haren dare kan birane na da nasu karatun. Kurman jirgin Shahed-136 na Iran, wanda Rasha ke ƙerawa a Alabuga da sunan Geran-2, an fara ganinsa a Satumban 2022. A daren 7 ga Satumban 2025 kaɗai an harba sama da 800. Amma a cikin irin wannan adadi akwai na bogi masu yawa, irin Gerbera da aka yi da katako da soso don su cinye harsasan masu kariya. Saboda haka idan rundunar saman Yukiren ta ce ta kakkaɓo kaso kaza, ka wuce zuwa layin da ke faɗin guda nawa suka sauka kuma a wurare nawa. Sannan ka raba jirage da makamai masu linzami. Ana iya harbo Shahed da motar Gepard ta Jamus, ko babbar bindiga a bayan a-kori-kura, ko ƙaramin jirgi mai farautar ɗan'uwansa, shi ya sa Rasha ta koma tura su can sama inda bindiga ba ta kaiwa. Makamai masu linzami irin Iskander-M da Kinzhal kuwa sai makamin kariyar sama irin Patriot na Amurka, wanda harsashinsa ɗaya ke cin miliyoyin daloli kuma ba a ƙera shi da yawa. A teku labarin gajere ne: an nutsar da Moskva, babban jirgin ruwan yaƙin Rasha, a Afrilun 2022 da makamin Neptune na Yukiren, jiragen ruwa marasa matuƙa irin Magura suka biyo baya, rundunar ruwan Rasha ta kwashe yawancin jiragenta daga Sevastopol zuwa Novorossiysk, jiragen hatsi suka ci gaba da fita daga Odesa.

Tantance bidiyo

Kafin ka yarda da bidiyo, ka nemi yaushe, a ina, kuma wa ya fara sa shi. Ɗauki hoton fuska biyu ko uku daga ciki ka sa a Google Lens ko TinEye ko Yandex. Da yawa za ka tarar na bara ne, ko na Siriya, ko ma na wasan kwamfuta. An sha yaɗa hotunan wasan Arma 3 a matsayin harbo jirgi, kuma shahararren bidiyon matuƙin da aka ce ya kakkaɓo jiragen Rasha a saman Kiyef a 2022 daga wasan DCS aka ciro shi. Duba ganye da dusar ƙanƙara su dace da watan da aka ce. Kada siffar mota ta ruɗe ka, domin ɓangarorin biyu na amfani da tankokin T-72 da T-80 da motocin sulke na BMP iri ɗaya, kuma kowa na amfani da abin da ya ƙwace. Alamar fenti da launin salatif a hannun soja sun fi taimako: rawaya ko shuɗi ko kore ga Yukiren, fari ko ja ga Rasha, duk da cewa masu kutse na sauyawa.

Gano wuri aikin haƙuri ne. Nemi abin da ba ya motsi: lanƙwasar titi, jerin bishiyoyi da kusurwar da suka haɗu, turakun lantarki, tankin ruwa, ƙubbar coci, rumbun hatsi, ko tsaunukan tarkacen kwal da suka cika yankin Donbas na gabashin Yukiren. Kwatanta su da Google Earth, ka tuna cewa hotonsa na iya zama na kafin yaƙi, gidajen da kake nema wataƙila yanzu babu su. Masu aikin sa-kai na GeoConfirmed kan wallafa wuraren da suka tabbatar tare da hujjarsu, kana iya bi ka duba. Hotunan tauraron Sentinel-2 kyauta ne, ana sabunta su kusan duk kwana biyar, amma kowane ɗigo mita 10 ne. Za ka ga sabon rami mai tsawo, gonar da ta ƙone, ko tankin mai da ya yi baƙi, ba za ka ga tanka ɗaya ba, kuma girgije na rufe komai. Shafin FIRMS na NASA na nuna wuraren da tauraro ya hango zafi. Yana da amfani wajen tabbatar da gobara a matatar mai, amma a lokacin girbi manoma na ƙona karan gona, kuma jan ɗigo ba ya faɗin wa ya kunna wutar.

Ko bidiyon gaskiya ma na iya yin ƙarya ta hanyar zaɓi. Ba wanda ke wallafa harin da ya kuskure. Rundunoni na tara gudummawa da waɗannan bidiyoyi, kuma a Yukiren akwai tsarin maki inda ake ba runduna lada kan kowane harin da ta tabbatar da hoto, ta musanya makin da sababbin jirage. Mota ɗaya da ta ƙone ana iya ɗaukarta daga kusurwa uku a makonni uku. Akwai kuma na bogi: HIMARS na katako, tankokin roba da ake hurawa. A Yunin 2023 ma'aikatar tsaron Rasha ta fitar da bidiyon da ta ce Leopard ne ake harbi, masu lura suka nuna injinan gona ne. Alƙaluman da suka fi tsayawa da ƙafafunsu su ne na masu ƙirga abu ɗaya-ɗaya da hujja. Shafin Oryx na lissafa motar da aka ga hotonta kaɗai, kafar labarai ta Mediazona da sashen Rashanci na BBC na tattara sunayen sojojin Rasha da suka mutu daga sanarwar jana'iza da maƙabartu. Waɗannan adadi mafi ƙaranci ne, na gaskiya ya fi su. Adadin da rundunar Yukiren ke fitarwa kullum kuwa ya haɗa matattu da masu rauni, amma sau da yawa ana yaɗa shi kamar duk gawawwaki ne.

Harin 1 ga Yunin 2025 ya nuna yadda duk wannan ke haɗuwa. Hukumar tsaron Yukiren ta SBU ta ɓoye ƙananan jirage 117 a cikin rumfunan katako a kan manyan motoci, aka kai su kusa da filayen jiragen yaƙi a cikin Rasha, ciki har da Belaya a lardin Irkutsk da Olenya a lardin Murmansk, rufin ya buɗe suka tashi. A ranar hukumar ta ce ta samu jirage 41. Wasu tashoshin Rasha suka ce ɓarnar kaɗan ce. Girgije ya hana hoton tauraro na yau da kullum, sai hotunan rada masu ratsa girgije suka fara fitowa daga Belaya, daga baya hotuna masu kyau suka biyo, masu bincike suka zauna suna haɗa kowane baƙin tabo a filin da bidiyon da jiragen suka ɗauka. Waɗanda aka tabbatar sun ƙone ƙurmus sun tsaya a goma da 'yan kai, ƙasa sosai da 41. Sai dai yawancinsu Tu-95 ne da Tu-22M3, manyan jiragen da ke harba makamai masu linzami kan biranen Yukiren, kuma an daina ƙera dukansu biyun tun farkon shekarun 1990.